Yaron da Ke Kallon Bakinka

Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune a ɗakinka lafiya, Ya raba motarku da sharrin hanya da sharrin masu tare hanya, Ya sa duk waɗanda kuka fita tare kun sauka tare. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai a matsayina na maigida, da yawun duk mutanen gidan nan manya da yara, cewa hularka ta digiri, mai kusurwa huɗu da tuntu, wadda ka rataye a ɗakin baƙi don kada wani ya shigo ya fita bai san an yi karatu a gidan ba, ta samu aiki. Ta faɗo daga ƙusa ta yi rigingine a bayan buhun gero, kazar Innarka ta shiga ta yi ƙwai a ciki. An zauna an yi shawara, an yanke cewa ba za a tashe ta ba sai ta ƙyanƙyashe. Ban yi gardama ba, domin tun da aka sayi hular nan ban ga ta amfani wani mai rai ba sai yanzu.

To, dariya ta tsaya nan.

Na cusa takardar nan ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da ke jakarka, don na san can hannunka zai fara zuwa. Da na so, da na kira ka na faɗa maka baki da baki kafin ka bar Gummi. Amma na san abin da zai faru. Za ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka ce "To, Baba" a ƙarshen kowace magana, ka tashi ka kaɗe gwiwa, ka kaɗe maganar tare da ƙasar. Na daɗe ina koyarwa, na san yawan abin da "to" ke iya haɗiyewa.

Shekaranjiya bayan La'asar ina bayan zaure zan ba tumaki dusa, kai da abokanka kuna ciki kuna shan shayi. Katangar zauren nan ba ta riƙe sirri, ka sani. Nasiru, abokinka tun na firamare, ya tambaye ka yaya koyarwa a kwaleji. Ka ce:

"Lafiya lau, ban da wani ɗan Tungar Daji, Lawali. Wallahi in ina lacca sai ya kafa mini ido kamar na ci masa gado. Ko ƙiftawa ba ya yi. Da na juya na yi rubutu a allo na juyo, sai in ji, 'Malam, mi kac ce?'"

Ka karkace baki ka ja muryar, ka maimaita har Nasiru ya ƙware da shayi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka bar shi, lakcara, kuɗin makarantarsa yake fanshewa da kallo."

Ka ce, "Ai na tura shi bencin baya, can bakin ƙofa. Sau biyu ke nan yana faɗuwa darasina. Muna komawa zan gaya wa shugaban sashe yaron nan ba kayan karatu ba ne. Ya koma ramin zinari, can ake neman mai ƙarfi."

Na tsaya da kwanon dusa a hannu har tunkiya ta gaji da jira ta sa kai ta ci abinta.

Wannan "mi kac ce" da ka karkace baki ka kwaikwaya, da ita aka yaye ka. Da ita kakarka ta yi magana har ta koma ga Allah. Ka je jami'a ka dawo da Hausar rediyo, madalla, ni ma da ita nake rubuta maka. Amma wannan ƙaramin laifin ne, na ajiye shi gefe. Babban shi ne kana shirin kashe wa ɗan mutane karatu, kuma ba ka taɓa tambayarsa abin da ya sa yake kallonka ba. Ka san nauyin maganar malami a kunnen shugaban sashe game da ɗalibin da ya faɗi sau biyu. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a ce ya tattara kayansa. Ramin zinari kuwa, da ka ambata kamar karin magana, ni na tsaya a sahun jana'izar waɗanda ya rufta da su. Ba wurin da ake tura mutum da wasa tsakanin kofin shayi biyu ba ne.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba.

Kana makarantar kwana lokacin da zinari ya shiga cikin gidajen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda haka abin da ka sani ji ne kawai. Maza suna haƙo dutse su kawo gari, a niƙa shi a inji a tsakiyar unguwa, mata su daka sauran a turmi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Babu wanda ya san akwai gubar dalma a cikin garin dutsen nan. Yara suka riƙa sanƙarewa suna jijjiga, aka binne waɗanda aka binne. Daga baya likitoci suka zo, aka ba da magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zubar, rediyo ya yi ta faɗa har ya gaji ya koma kan siyasa. Aka ce abu ya wuce. An kwashe ƙasar tsakar gida, amma abin da ya riga ya shiga jikin yaro ba a kwashe shi da shebur. Waɗanda suka rayu suka girma. Wani kunnensa bai cika ba, wani sai an faɗa masa abu an sake, wani kuma lafiyarsa lau kamar ba a yi ba. Suka yi firamare, suka iso wurina a ƙaramar sakandare a Anka. Yanzu ga su sun iso wurinku. Kun zaci ina za su? Sama?

A cikinsu akwai Sahabi, ɗan ƙauyen Duza, siririn yaro mai tsafta. Tun makon farko na lura duk inda na yi a gaban aji idonsa na kan fuskata. Ka san yadda aka rene mu: yaro ba ya tsayar da ido a fuskar babba. Ni kuma a lokacin ba saurayi ba ne, da furfurata, na karanta littattafan tarbiyya har na iya gyara wa masu rubuta su. Na daka masa tsawa na ce, "Idonka ƙasa. Wa ya rene ka?" Ya sunkuyar da kai. Na ci gaba da darasi, na jefa masa tambaya, ya yi shiru. Na sake, shiru. Na ce taurin kai ne, na sa masa bulala. Washegari ya ɗago ido, na hukunta shi don rashin kunya. Ya mayar da ido ƙasa, na hukunta shi don daƙiƙanci. Haka muka yi ta yi. Na gina wa yaron nan ɗaki ba ƙofa, ina tsaye a waje ina zaginsa don ya ƙi fitowa. Shekara ba ta ƙare ba ya daina zuwa. Ban tambaya ba. In gaya maka gaskiya, daɗi na ji, aji ya yi mini sauƙi.

An jima sosai, ranar kasuwar Anka, na hango shi a bakin rumfar masu facin taya yana ɗaure buhunan dutse a kan babur, ya zama saurayi. Na zo ta bayansa na yi sallama. Bai juyo ba. Na kira sunansa, bai juyo ba. Na ce a fili, "Ashe har yau halin na nan." Wani dattijo da ke riƙe da babur ɗin, kawunsa ne, ya ce:

"Malam, sai ka zagayo gabanai. Tun ciwon nan na yara kunnenai bai cika ba. Bakin mutum shika kallo, da ido shika ji."

Na zagaya. Sahabi ya ɗago ya gan ni, ya gane ni, nan take ya sunkuyar da kai yadda na koya masa. Na yi ta gaisuwa ina tambayar mutanen gida, ina magana da tsakar kansa, ba ya jin ko ɗaya. Darasina guda da ya zauna masa ke nan.

Ban san ko abin da ke damun Lawalinka ke nan ba. Ban taɓa ganinsa ba. Mai yiwuwa dalma ce, mai yiwuwa wani ciwon kunne ne daban, mai yiwuwa Turancinka ne yake gudu kamar an biyo shi. Amma mutum ya kafa maka ido lokacin da kake fuskantarsa, ka juya wa aji ƙeya ka ci gaba da magana, ka juyo ya ce me ka ce, kuma daga Tungar Daji ya fito, kuma shekarunsa sun yi daidai da na yaran wancan lokaci, sannan maganin da ka ga ya dace shi ne ka kai shi inda ba zai ga bakinka ba sam? Ni na yi nawa da jahilci. Kai kana da digiri biyu da waya mai amsa kowace tambaya.

Kawar da ido tarbiyya ce mai kyau a zaure. A aji kuwa, ido kayan aiki ne kamar biro. Ka bar su su kalle ka, ba gyaɗa ba ce kai da kallo zai rage ka. In za ka yi rubutu a allo, ka yi shiru ka rubuta, ka juyo, sannan ka yi magana. Allo ba ya rubuta jarrabawa, ban ga dalilin da zai sa ya fi kowa jin laccarka ba. In wani ya yi tambaya daga baya, ka maimaita tambayar da ƙarfi kana fuskantar aji kafin ka amsa. Kakanka da ka ci sunansa ya karantar da mutane a zauren nan da kuka sha shayi, ɗaya bayan ɗaya, gwiwa da gwiwa, kowa da inda ya tsaya jiya. Ba na cewa ka yi haka da aji guda, ba zai yiwu ba. Ina cewa dai ban taɓa ganin ya karantar da bango ba.

Na kuma ji kana gaya musu kai kaɗai ne a sashenku ka gama manhaja kafin jarrabawa. Barka. Manhaja ta gama, su fa? Wannan ma na riga ka. Farkon aikina a Bukkuyum labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ina da waƙa guda da nake rufe kowane bayani da ita: "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane." Daɗin amsar nan ya fi fura da nono, sai ka ji kai ne malamin malamai. Wata rana, don gajiya da ɗan shaiɗanci, na ce musu gulbin da ke bayan gari daga Madina ya taso, ya bi ta ƙarƙashin teku ya ɓullo mana nan. Kun gane? Mun gane. Babu wanda ya ɗaga gira. A jarrabawa wata yarinya ta maido mini da gulbina daga Madina, da rubutu mai kyau, har da ja masa layi. Ka san abin da na yi? Na kai takardar ɗakin malamai muka yi ta dariya, irin dariyar da kuka yi a zaure. Ban ga cewa ni aka kama ba. Na ci gaba da waƙata shekara da shekaru.

Yaran ƙasar nan ba za su ce wa babba ba su gane ba. An hana su tun suna goye. "Mun gane" gaisuwa ce, kamar "lafiya lau" a bakin mai zazzaɓi. Shi ya sa wanda ya iya buɗe baki a gaban jama'a ya ce "mi kac ce" ya fi sauran jarumta, kuma ina tabbatar maka rabin ajin suna yi masa addu'a a zuci, don tambayarsu ya yi musu. Da ka kore shi baya, ba shi kaɗai ka rufe wa baki ba. Kowa ya ga abin da ake yi wa mai tambaya.

Ka daina tambayar ko sun gane. Ka sa su nuna maka. Ka yi bayani kaɗan ka tsaya, ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa abin da ya ji, da Hausa in ya so, da Fulatanci in sun iya su biyun, kai kuma ka zaga kana saurare. Abin da za ka ji zai ɓata maka rai, kuma gara ya ɓaci a ranar da a ranar duba jarrabawa. Kafin a tashi ka ce kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta abu ɗaya da ya shige masa duhu, ba suna, ya jefa a kwali a bakin ƙofa. Wanda kunya ta hana shi magana, takarda ba ta jin kunya. Washegari ka fara da abin da ya fi yawa a kwalin. Za ka rasa wani yanki na manhajarka, na sani. Gara ka kai su rabin hanya da ƙafafunsu da ka isa tasha kai kaɗai kana busa ƙaho.

Yanzu kuma kada ka karanta wannan ka zabura ka faɗa ramin da ke ɗaya gefen, don shi ma na faɗa. Da na dawo daga kasuwar nan ta Anka, tausayi ya kama ni kamar zazzaɓi. Na bi aji ina tambayar wa ya fito daga Duza, wa ya fito daga Bagega, wa ya fito daga Tungar Daji. Na tara su a benci ɗaya kusa da teburina. Kafin mako ya zagayo yara sun raɗa wa wurin suna, bencin dalma. Na daina yi musu tambaya don kada su ji kunya. In na zo duba aikinsu sai in ƙara musu maki, ina jin kaina mutumin kirki. Har wata yarinya 'yar Bagega, Hassi, ta tsaya bayan an tashi, da littafinta a hannu.

Ta ce, "Malam, mi na yi maka?"

Na ce, "Me kika gani?"

Ta ce, "Kowa kana tambaya, ni ba ka tambaya ta. Kuma wagga amsa kuskure ta, na duba, amma kab ba ni maki." Ta ajiye littafin a teburina. "Ni lahiyata lau. Ko da ba lau ba, ai karatu niz zo."

Na soke makin a gabanta, ta yi godiya ta fita. Ban taɓa ganin wanda aka rage wa maki ya tafi da sauƙin rai haka ba. Bulalar da na yi wa Sahabi da makin da na ba Hassi uwarsu ɗaya: duka biyun na yanke hukunci cewa yaron ba zai iya ba, ban tambaye shi ba.

Saboda haka kada ka shiga aji ka ce, "Lawali, taso gaba, ashe kurma ne kai." Kada ka tambaye shi labarin dalma a gaban kowa, kada ma ka fara ambatarta in ba shi ya kawo ba. Mutanen garuruwan nan sun gaji da zama abin nuni. Ka kira shi ofis shi kaɗai, ka ba shi kujera, ka fuskance shi, ka ce ka lura yana yawan neman a maimaita, a ina ya fi jin darasi, me zai taimake shi. Sannan ka rufe bakinka ka jira. Zai yi shiru da farko, don rabonsa da kai tun ranar da ka kore shi baya. Ka jure shirun. In ya yarda, ka nuna masa hanyar asibiti a duba kunnen. Kuma ka ce masa tura shi baya da ka yi ba daidai ba ne. Ba za ka mutu ba, na gwada a kan wasu, ga ni da rai.

Duk abin da za ka yi dominsa, ka yi wa aji duka, don kada a gane don wa aka yi. Ka ce bencin gaba na duk wanda ya fi ji ko gani daga nan ne. Ka ba kowa takardar darasin gobe tun yau, su karanta kafin su zo, maimakon shiftar nan da kuke yi kuna gudu suna bin ku da biro kamar masu kamun fara. Ka bar wanda ya so ya ɗauki muryarka a waya ya sake saurare a ɗaki. Za ka sha mamakin yawan waɗanda ke bukata. Akwai matar aure da ke zaune baya don goyonta na iya kuka. Akwai ɗan rugar da sai ya juya Turancinka zuwa Hausa, ya juya Hausar zuwa Fulatanci, kafin ya dawo da amsa kai ka wuce shafi biyu. Akwai wanda aka tashi garinsu ya yi zaman gudun hijira a Anka ba makaranta, ya dawo da giɓi a karatunsa da ba laifinsa ba. Duk suna cikin masu ce maka sun gane.

Har ƙofar nan da na ji kana alfahari kana rufewa da zarar ka shiga, ka sake tunani. Mai barci ya makara daban, wanda ya taso daga ƙauye daban. Kai da kanka gobe ba za ka bar tasha ba sai direba ya ji labarin hanya daga waɗanda suka riga shi. In ka isa a makare, wa zai rufe maka ƙofa?

Amma maki, ko ɗaya kada ka ba shi wanda bai ci ba. Tambayar da za ka yi wa kowa ita za ka yi masa. In yana bukatar ƙarin lokaci ko a rubuta masa umarnin jarrabawa maimakon a faɗa da baki, ka nema masa ta hanyar da kwaleji ta yarda. Ka gyara hanya, kada ka matso da gari. In ka yi duk wannan tsawon zango guda ya sake faɗuwa, to ya faɗi, kuma ka iya kallon mahaifinsa ka faɗa masa gaskiya. Yanzu kuwa ba ka san ko Lawali ya faɗi darasinka ba, domin bai taɓa jin darasin ba. Jarrabawar ƙeyarka ya faɗi.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗe shi a lokacina. Aji ya cika kamar kasuwar Gummi ranar da take ci, babu lasifika, babu wuta, albashi sai ya ga dama, manya ba su damu ba, kai kaɗai ba za ka gyara duniya ba. Duk gaskiya ne, kuma ina jin haushinsu fiye da kai. Ina jin haushin waɗanda suka kwashi zinarin suka bar mana yaran, da waɗanda suka zo da motoci aka ɗauki hoto suka tafi, da waɗanda suka tsara karatun malamai ba su sa ko layi ɗaya ba game da yaran da kowa ya san suna tafe. Amma juyo da fuskarka ba ya bukatar wuta. Kiran yaro ofis ba ya jiran albashi. Wanda ya ce sai an gyara masa komai zai daina zalunci, ba ya da niyyar dainawa.

Innarka ta gan ni ina rubutu ina huci, ta ce, "Malam, ka bar yaro shi tahi da daɗin rai, hanya za shi."

Na ce, "Yaro? Mai korar 'ya'yan mutane daga makaranta yaro ne?"

Ta ce, "To ka rage gishiri."

Na rage. Wannan da kake karantawa ragaggen ne.

Ga abin da nake nema a wurinka, kuma ban saba neman abu a wurinka ba. Kada ka taka ofishin shugaban sashe da maganar yaron nan. In ka riga ka furta wani abu kafin hutu, ka koma ka ce ka janye sai ƙarshen zango. Ka ga Lawali a makon farko, kafin ya yanke shawarar kansa, domin irinsu ba sa jiran a kore su, wata safiya kawai za ka ga bencin ba kowa, ka ji aji ya yi maka sauƙi. In ka ji wannan sauƙin, ka ji tsoron Allah. Kuma in ka kira waya, kada ka fara da tambayar lafiyar tumaki. Ka fara da abin da yaron ya ce maka.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare ɗalibanka a hanyoyin da suke bi su zo gare ka, Ya kawo mana ƙarshen wannan tashin hankali, Ya sa mu ga juna da alheri. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa kada haƙƙin ɗan kowa ya biyo ka.

Mahaifinka.

Saura abu ɗaya. Ranar da aka ɗauke ka aiki, ni na zaunar da kai na ce ka ɗaure fuska tun ranar farko, kada ka bari ɗalibi ya saba da kai, don shekarunka kaɗan ne za su raina ka. Tsoron kada a raina ɗana ya sa na manta da 'ya'yan wasu. Ka ji maganata, ka bi ta. Ni na yi kuskure.